Ƙwarar Kaɗanyar da Na Kai Gindin Duwatsu

Tun da na dawo ban huta ba. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, kowa so yake ya ji yadda tsohuwa mai ciwon gwiwa ta je ƙasar duwatsu ita kaɗai ta dawo. Abin da ya fi tsone wa mutane ido ma ba tafiyar ba ce, ramin da na sa aka fasa a simintin tsakar gidana ne. Maƙwabciyata Hajiya Uwani ta leƙa shi, ta dube ni, ta ce ko tsufa ne ya fara taɓa ni. Bakina ya gaji da maimaici. Ni tsohuwar malamar firamare ce, biro ya fi mini sauƙi, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska.

Duk wanda ya san layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ya san kaɗanyar da ke tsakanin ƙofarmu da ta maƙwabta. Ta girmi gidajen duka. Lokacin da aka kawo ni gidan Malam, in ka tsaya a gindinta gonaki kake hangowa ta wajen Darmanawa. Gidan da ke jikin namu kuwa Baban Ladi ne a ciki da matarsa Saratu, Kiristoci ne daga kudancin Kaduna, shi ma'aikacin gandun daji. Fiye da shekara ashirin katanga ɗaya ta raba mu. Kullum bayan la'asar shi da Malam suna gindin kaɗanyar nan suna dara, suna gardama a kan labaran rediyo kamar su za a tambaya yadda za a gyara duniya. Mu kuwa mata, da damina ta faɗi, sammako muke mu tsince 'ya'yan kafin awaki su riga mu.

Baban Ladi ya yi ritaya suka koma gida, shekara goma sha bakwai ke nan. Bayan shekara shida Malam ya rasu. Bara aka sayar da gidan da suka zauna, wanda ya saya ya shigo har ɗaki ya gaishe ni da ladabi, ya ce shaguna zai yi, itaciyar kuma ta tsaya masa a hanya. Ban yi masa musu ba, filinsa ne. Alfarma ɗaya na roƙa, ya bari ta zubar da 'ya'yan bana. Ya ce ya bari.

Dama Saratu takan gaya mini a waya cewa Baban Ladi bai huta ba, wani tsohon gandun itatuwa ya samu a ƙauyensu yana rayawa, yana bin gari gari neman irin itatuwan da ke ƙarewa. Sai na ƙudurta a raina zan kai masa irin kaɗanyarmu da hannuna, kuma ba zan gaya wa kowa ba sai ya gani. Na tsinci 'ya'yan kaɗanyar masu kyau, muka shanye da jikokina, na wanke ƙwarar. Ni 'yar manomi ce, na san iri ba ya ajiyuwa sai ya bushe ƙarau. Na baza ta a faranti a rana, hadari na tasowa in kwashe, rana na fitowa in mayar, haka na yi ta yi sama da wata guda. Da ta bushe na zuba ta a babban gwangwanin madara, na cika da toka saboda ƙwari, na rufe. Ranar da aka zo da injin yankan itace, gidan ƙanwata na tafi a Unguwar Gano na wuni. Da na dawo layin ya yi haske fayau, har na wuce ƙofar gidana ban gane ta ba.

Sai da aka gama kaka ɗana ya yarda ya bar ni in tafi. Shi ya kai ni tashar Unguwa Uku da sassafe, ya yi ta damƙa ni a hannun direba kamar amarya. Ya so a sa jakata a but, na ce gwangwanina dai a cinyata zai zauna. Kusa da ni wata mata ce mai jiki, Kande, 'yar Filato, ta kawo atili, 'ya'yan itacen nan na ƙasarsu, Kano ta sayar tana komawa. Kafin mu kai Kwanar Dangora na san sunan 'ya'yanta duka da laifin kowannensu. Ta ɗebo mini ragowar atilinta da ta jiƙa da ruwan ɗumi, na ci ina tuna Saratu, don a hannunta na fara ɗanɗana shi.

Rabona da dajin Falgore tun ina amarya. A ƙwaƙwalwata duhu ne, itatuwa sun haɗa kai. Yanzu ma akwai daji, amma kafin a shige shi da bayan an fita, buhunan gawayi ne jere a bakin titi, tsayinsu ya fi mutum. Na yi tsaki. Kande ta ce in daina tsaki, ai Kano ake kai shi, ko da me nake dafa tuwo? Gaskiyarta ce, da gawayi nake girki.

Wajen iyakar jiha aka tsayar da mu a wani shinge, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani dogon jami'i ya buɗe gwangwanina, ya ga toka, ya tona da yatsa ya ciro ƙwara ɗaya, sai ya ja da baya. Ya tambaye ni ko wani aka aike ni in binne wa. Motar ta kwashe da dariya. Na ce masa iri ne, kuma binne shi za a yi, amma ba don kowa ba. Ya rufe da sauri ya goge hannu a wando. Da muka tashi Kande ta karɓi ƙwara ɗaya ta kai kunne ta girgiza. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta mayar mini ta ce Allah Ya kai ni lafiya. Wannan ne karo na farko da ta yi shiru tun daga Kano, ni kuwa ban kawo komai a raina ba.

A Saminaka taya ta fashe, safayar ma babu iska. Muka zauna a rumfar mai masara har inuwa ta juya. Shi ya sa ba mu shiga Jos ba sai gab da magariba, na sauka a gidan Ladi 'yar Saratu, wadda ni na fara yi mata kitso, yanzu ga ta nas da 'ya'ya uku. Sanyin garin nan ba a ba da labarinsa. Sai da aka ɗumama mini ruwan alwala, na yi salla cikin rigar sanyin mijinta, hannun rigar ya wuce yatsuna. Aka kawo gwaten acca da gauta da yakuwa, ɗan'uwan fatenmu ne, sai dai ya fi shi tsami. Abin da ya ba ni mamaki, miji da mata da yara duk tebur ɗaya, kuma Ladi ta kira mijinta da sunansa gatsau ta ce ya miƙo gishiri. Ya miƙo. Ni da na yi shekara talatin da biyar da Malam ban taɓa kiran sunansa ba, sai da na sunkuyar da kai don kunya.

Washegari mijin Ladi ya sa ni a wata motar. Muka yi ta gangara, hanya tana lanƙwasa, kunnena yana toshewa, har sanyin ya sake mu. A wata mararraba aka sauke ni aka ce sauran tafiyar sai acaɓa. Rabona da hawa babur tun kafin a hana su a Kano. Na zauna a karkace, hannu ɗaya a gwangwani, ɗaya a ƙarfe, ina karanta duk addu'ar da na iya. Da za mu tsallake wani rafi takalmina ɗaya ya faɗa ruwa ya yi gaba. Haka na isa gidan mutane, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Saratu tana shanya citta a tsakar gida. Ta ɗago ta gan ni, ta saki kwando. Rabonmu da juna tun ta'aziyyar Malam. Kanta ya yi fari fat, haƙoran gaba biyu sun tafi, amma dariyar tana nan. Muka rungume juna muka yi kuka, muka yi dariyar takalmin, muka sake kuka. Baban Ladi ya fito da sanda, ya rame, ya cire hula ya gaishe ni kamar yadda yake yi a Kano, daga nesa, idonsa a ƙasa. Ashe tun da Ladi ta yi musu waya suka aika aka kira wani Bafulatani maƙwabcinsu ya yanka zakara. Tukunya sabuwa Saratu ta ɗora. A ɗakin da aka ba ni na tarar da buta da tabarma, an kuma yi ɗan zane da gawayi a bango don in gane alƙibla. Na cika butar na yi alwala.

Can mata su ne ƙarfin gona. Na ga tsohuwa sa'ata da fartanya a kafaɗa tana hawan dutse kamar akuya, ni kuwa dakalin ƙofar gida sai na dafa. Gaisuwarsu da Hausa ce, amma gajera, ba irin tamu da sai an tambayi gajiya da kwanan yara da ƙurar jiya ba. Maƙwabta suka yi ta shigowa ganin Hajiyar Kano, kowa da ɗan abin hannunsa, wannan doya, wannan zuma a kwalba.

Da safe Baban Ladi ya ce in zo in ga 'ya'yansa. Na ari silifas ɗin Saratu, na saka gwangwani a jaka, muka bi shi. Gandun yana bayan gari, a gindin dutse, an kewaye shi da shingen ƙerana. Muna tafe a hankali saboda gwiwata da sandarsa, yana ba ni tarihin wurin. Ya ce tun zamanin Turawa aka keɓe filin don gwada itatuwan waje, malaina da turare da irinsu, mahaifinsa ma lebura ne a nan, shi ke ban ruwa. Daga baya aka watsar da wurin. Wuta ta ci rabi, masu gawayi suka ci rabi, gonaki suka shigo ta gefe. Da ya dawo daga Kano bai tarar da komai ba sai kututture da tsofaffin malaina 'yan kaɗan.

Ya ce da farko da zafinsa ya zo, irin na ma'aikaci, ya kafa allo ya rubuta an hana shiga. Kwana uku aka cire allon aka yi wuta da shi. Sai ya sauke girman kai ya je wurin dagaci da tsofaffin mata, aka yi zama. Aka yarda mata su riƙa tsintar busassun itace da 'ya'yan da suka faɗo, masu magani su sassaƙi ɓawo ta gefe ɗaya kawai, amma gatari ba ya shiga. Duk shekara kuma da ciyawa ta fara bushewa, gari ke fitowa gayya a share hanyar wuta kewaye da gandun. Ya ce tun daga nan matan suka zama 'yan gadi, kuma babu ɗan gadin da ya kai mace mai tsintar itace ido.

Shi kuma ya juya akalar wurin. Ya bar itatuwan waje ya koma kan namu na gida da ake ƙararwa. Na ga maɗaci da marke da ƙirya da maje, na ga taura da tsada da ɗinya, waɗanda rabona da ganinsu a tsaye tun ina yarinya a ƙauyenmu. Ya nuna mini layin maɗobiya, ya ce manyanta duk masu katako sun kwashe a dazukan yankin, waɗannan daga uwa uku kacal ya samo irinsu. Kowace itaciya an rataya mata guntun kwanon rufi, an rubuta sunanta da Hausa da yarensu da wani dogon suna na masana, a ƙasa kuma garin da aka samo irin da sunan wanda ya kawo. Na ce masa ai wannan makaranta ce, har da rajista. Ya yi dariya ya ce 'yan makaranta ma suna zuwa, kuma yawancinsu sun san sunan itaciya a waƙa amma ba su taɓa ganinta ba.

A rumfar renon dashe muka zauna hutawa. Nan na ciro gwangwanin na ajiye a gabansa, kamar ɗalibar da ta kawo aikin gida. Na gaya musu an sare kaɗanyarmu. Saratu ta dafe ƙirji. Na ce amma ga 'ya'yanta na ƙarshe, na adana su yadda ya kamata, ko ɗaya ƙwaro bai taɓa ba.

Baban Ladi ya buɗe, ya busa tokar, ya ɗauki ɗaya ya kai kunne ya girgiza. Ni ma daga inda nake na ji tana ƙara a cikin ɓawonta. Ya ɗauki wata, ya ɗauki wata. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, shanya su kika yi?"

"Sama da wata guda," na ce. "Sun bushe sarai."

"Gero da wake haka suke so. Kaɗanya ba ta so. Ɗanya ake shuka ta, cikin 'yan kwanaki da faɗowarta. In ta bushe ta mutu."

Na tambaye shi ko ɗaya ba za ta yi ba. Ya girgiza kai. Sai na tuna Kande a mota, na tuna yadda nake tsere da hadari ina kwashe faranti. Ashe duk ranar da na fitar da su rana, kashe su nake yi da hannuna. Da na ɗaga waya sau ɗaya na tambaya, da ba haka ba. Ban ji kunyar kowa ba, na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ranar da aka sare ta. Ba itaciyar kaɗai nake wa kuka ba. Ita ce abu na ƙarshe a layinmu da ya san Malam yana zaune.

Suka bar ni na yi mai isata. Sannan Baban Ladi ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce in daure in ƙara 'yar tafiya. Muka bi ta bayan rumfar zuwa wani fili da rana ke samu. Ya tsaya a gaban wata matashiyar kaɗanya, kaurinta bai fi cinyata ba, tsayinta ya kai ɗaki. Ya tambaye ni ko na tuna jiƙaƙƙen buhun da Malam ya cusa a motar kayansu ranar da za su tashi. Na tuna mana. Da damina ce, har faɗa na yi masa don ya jiƙa wa Saratu katifa, na ɗauka goro ne. Ya ce ƙwara ce, Malam ya tsince ta da asubar ranar. Shi Baban Ladi ne ya taɓa gaya wa Malam a wajen dara cewa kaɗanyar Kano ta saba da ƙarancin ruwa, irinta abin adanawa ne ko a inda kaɗanya take da yawa. Ya shuka su duka washegari. Wuta ta ci wasu, awaki suka ci wasu, wannan ce kaɗai ta tsira.

Na ce to me ya hana shi faɗa duk shekarun nan?

"Kaɗanya ba ta sauri," ya ce. "Shekara biyar tana iya gwiwata. Na ce bari ta kai tsayina in ɗauki hoto in aika masa ya ga ban yi wasa ba. Kafin ta kai, aka yi mini waya." Ya goge ido da hularsa. "Da na zo gaisuwa na so in gaya miki, bakina ya kasa."

Na matsa na kama guntun kwanon da ke rataye. An rubuta Kaɗanya, an rubuta Gyaɗi-Gyaɗi, Kano. A ƙasa kuma ga sunan da ban taɓa kira da bakina ba, da fenti fari, an sake bin sa ba sau ɗaya ba. Na karanta a zuci. Inuwarta ba ta da faɗi, amma ta ishe mu mu uku, muka tsaya a ciki.

Saratu ce ta nuna mini bakin rassan. Ganye ya zube, ga wasu 'yan tuntaye farare-farare, ƙudan zuma na kewaya su. Ta ce bana ne farkon furenta. Baban Ladi ya ce kada in sa rai da yawa, furen fari yakan zube. Amma in ya zauna, farkon damina zai kira ni, a naɗe ƙwarar a jiƙaƙƙen buhu a kawo Kano cikin kwana biyu. Ya ce a ƙasa kai tsaye ake binne ta, don saiwa take fara yi, tana iya yin watanni tana nitsawa kafin a ga ganye ɗaya.

Kwanana huɗu a can. Ƙwarar da na kashe ba ta tafi a banza ba, Saratu ta soya ta daka, muka kwaɓa tare kamar dā, muka sami man kaɗe cikin 'yar kwalba. Shi nake shafawa a gwiwa, kaɗan-kaɗan, don na san babu wani bayansa. Dawowa ba ta da labari, sai dai na ƙi kallon buhunan gawayi, kuma na sauka a Unguwa Uku da silifas ɗin Saratu a ƙafata.

Kwana biyu da dawowata na kira mai aikin gini ya fasa simintin tsakar gida, daidai inda Malam yake zama ya yi alwala. A bakin ramin nake tawa alwalar yanzu, don ƙasar ta yi laushi kafin damina. Duk Juma'a ina kiran Saratu, kafin mu gama gaisawa ta san abin da zan tambaya. Zuwa makon jiya dai furen bai zube ba.

Hajiya Uwani ta sake leƙowa shekaranjiya. Da na yi mata bayani ta ƙirga da yatsu, ta ce in Allah Ya sa ma ta fito, ai ba zan sha 'ya'yanta ba. Na ce mata na sani. Shi ma Malam bai sha ba, amma ni na tsaya a inuwar tasa.